Na'ura ta ce komai lafiya, me ya sa ake sa mu sake bin ramuka ɗaya bayan ɗaya?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi mai aikin fasa dutse. Ya ce ya shekara uku yana ɗaura Nonel, wato tsarin tayar da nakiya ta bututun roba, yanzu kuma an mayar da su kan detoneta mai ƙwaƙwalwar lantarki. Detoneta shi ne ɗan abin da ake sa wa cikin rami don ya tayar da nakiya. Abin da ya dame shi shi ne, bayan na'urar hannu ta gwada kowane detoneta ta nuna lafiya lau, sai shugaban aikinsu ya sa su sake bin ramukan da takarda a hannu, a kuma maimaita gwaji sau biyu ko uku kafin a tayar da nakiya. Yana so ya san ko wannan ba ɓata lokaci ba ne, tunda na'ura ta fi mutum iya lissafi.

Ɗan'uwa, shugabanka yana kan daidai, kuma ina so ka fahimci dalilin da kanka, kada ka riƙa bi don an ce ka bi kawai. Na'urar da ke hannunka, wadda muke kira loga, tana iya tabbatar maka cewa detoneta yana da rai kuma yana amsa kira. Ba ta da idon da za ta ga ko lokacin da ka ba shi shi ne lokacin da ya dace da ramin da yake ciki. Wannan gibin shi ne inda mafi yawan ɓarnar da na gani a wannan sana'a take shigowa, kuma mutum ne kaɗai yake iya toshe shi.

Bari mu fara da abin da ka saba da shi. A Nonel, wanda aka ƙirƙira a Suwidin aka fara sayarwa a farkon shekarun 1970, tartsatsi ne yake gudu a cikin siririn bututun roba da saurin kusan mita 2,000 a sakan ɗaya. In ya isa detoneta sai ya kunna wani ɗan sinadari mai ci a hankali, tsawon cinsa shi ne jinkirin. To sinadari ba agogo ba ne. Zafi yana taɓa shi, daɗewa a ma'ajiya tana taɓa shi, ko a masana'anta ma ba kowane rukuni yake fitowa daidai da ɗan'uwansa ba. Ka ɗauki detoneta na cikin rami mai jinkirin milisakan 500 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), ramukan kuma an raba tsakaninsu da milisakan 17 a ɗaurin da ke saman ƙasa. In kuskuren sinadarin ya kai kashi 2 cikin 100 kacal, kowane rami zai iya gaggawa ko makara da milisakan 10. Wannan ya makara da 10, maƙwabcinsa ya yi gaggawa da 10, ka ga tazarar 17 ɗin ta cinye har ta juye, na baya ya riga na gaba tashi. Ramin da ya tashi alhali dutsen gabansa bai matsa ba, ba shi da inda zai tura ƙarfinsa sai sama ko cikin ƙasa. Daga nan ake samun duwatsu masu tsalle, da jijjiga mai yawa, da manyan ƙwallaye waɗanda injin niƙa ba zai iya haɗiya ba.

Detoneta na lantarki ya kawar da wancan sinadarin. A cikin ɗan bututun ƙarfen akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai lambar shaida wadda babu wani detoneta mai irinta, da agogo, da kafasita mai ajiye wuta, sannan kan ashana da nakiyar ƙarshe kamar yadda ka sani. Ana iya ba shi kowane lokaci a matakin milisakan ɗai-ɗai, daga sifili har zuwa sakan goma sha wani abu ko fiye, gwargwadon kamfanin da ya ƙera, kuskurensa kuwa yawanci bai kai milisakan ɗaya ba. Abin da ya fi burge ni tun farko shi ne wannan: da zarar umarnin tashi ya isa, kowane detoneta ya zama mai cin gashin kansa. Wutarsa tana cikinsa, agogonsa yana cikinsa. Ko dutse ya tsinke wayar sama bayan haka, zai ƙirga lokacinsa ya tashi. Matsalar yankewar layi a tsakiyar tashi, wadda ta sa ake sa dogon jinkiri a cikin rami a Nonel, ta ragu ƙwarai.

Amma ka lura da abin da aka ɗauke maka. A Nonel lokacin yana rubuce a jikin kaya, launin maƙalar da ke haɗa bututun ma yana gaya maka milisakan 17 ce ko 25 ko 42. Kana tsaye a bakin fili kana iya bin ɗaurin da ido ka ga inda wuta za ta fara da inda za ta ƙare. In yaro ya ɗaura sahu a juye, za ka gani. A na lantarki duk detonetocin kamarsu ɗaya, duk an maƙala su a jikin uwar waya guda, kuma tsarin maƙalawar ba shi da wata alaƙa da tsarin tashi. Lokacin yana ɓoye a cikin na'ura. Filin da aka tsara daidai da filin da aka juya sahunsa biyu, a ido ba su da bambanci ko kaɗan.

Shi ya sa nake cewa sanya lokaci ba a bakin rami yake farawa ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Tsarin yana fitowa ne daga ofis, a takarda ko a kwamfuta: kowane rami da lambarsa, zurfinsa, yawan nakiyarsa, da lokacinsa. Mai tsarawa yana duba inda buɗaɗɗiyar fuskar dutsen take, inda ake so tulin ya zube, kaurin dutsen da ke gaban kowane sahu, da abin da ke kusa wanda ake tsoron jijjiga ta taɓa. Tsakanin rami da rami a sahu ɗaya ana ba da ɗan gajeren lokaci, tsakanin sahu da sahu kuma mai tsawo, don sahun gaba ya samu ya tafi kafin na baya ya turo. Akwai tsohuwar ƙa'idar milisakan 8 da ta fito daga binciken hukumar ma'adinai ta Amurka, wadda take ɗaukar duk nakiyar da ta tashi a cikin milisakan 8 a matsayin tashi ɗaya wajen lissafin jijjiga. Da detoneta na sinadari ba ka da tabbacin ka kiyaye ta. Da na lantarki kana da tabbaci, har ma kana iya wuce ta: a tayar da rami ɗaya tilo, a ɗauki siffar jijjigarsa da na'urar awo a wurin da ake son karewa, sannan a lissafa tazarar da za ta sa igiyoyin jijjigar ramuka su riƙa rage wa juna ƙarfi maimakon su taru. Jijjiga tana ratsa dutse mai tauri da saurin mita 4,000 zuwa 6,000 a sakan, wato kusan mita 5 a milisakan ɗaya, don haka irin wannan lissafin ba ya yiwuwa sai da agogon da ba ya kuskure. Kuma shi ya sa kuskuren mutum a nan yake da tsada. In an gina tsari a kan bambancin milisakan uku ko huɗu, sai wani ya musanya ramuka biyu, duk lissafin ya rushe.

Kamfanonin suna da yawa. Akwai i-kon na Orica, DigiShot na Dyno Nobel, AXXIS na BME a Afirka ta Kudu, DaveyTronic da ya fito daga Faransa, da wasunsu. Sun rabu gida biyu a yadda suke riƙe lokaci. A wasu, kana taɓa detoneta da loga ake rubuta lokacin a cikin ƙwaƙwalwarsa nan take. A wasu kuma loga tana ajiye lambar shaidar ne tare da lokacin da ka ba ta, sai a ƙarshe akwatin tayarwa ya aika wa kowanne nasa. Dole ka san wanne kake riƙe da shi, domin yadda ake gyara kuskure ya bambanta. Kada ka taɓa haɗa kayan kamfani biyu, ko waya ko maƙala ko na'ura. Kowanne da yarensa da ƙarfin wutarsa.

Yanzu ga bakin rami. Loga an ƙera ta ne da ƙaramar wuta wadda ta isa a yi magana da ƙwaƙwalwar amma ba ta isa ta cika kafasita har ta kunna kan ashana ba, kuma ba ta ɗauke da umarnin tashi. Wannan ne ya sa aka yarda a yi amfani da ita mutane suna tsaye a kan fili. Wata na'urar daban, kamar mitar masu gyaran lantarki, haramun ce a nan. Ina faɗin wannan da ƙarfi domin na ga masu ilimin lantarki suna ganin ai waya waya ce. Batirin mitar da ba a ƙera don wannan aiki ba, ba ka san abin da zai aika cikin detoneta ba.

Al'adata ita ce gwaji a matakai, kuma kowane mataki yana da tambayar da yake amsawa. Ana gwada detoneta kafin a sa shi a busta, wato ɗan ƙunshin nakiya mai ƙarfi da ke tayar da sauran nakiyar ramin, a saukar, domin mara lafiya a hannu sai a ajiye shi gefe a ɗauki wani. Ana sake gwadawa bayan an zuba nakiya amma kafin a toshe bakin ramin da tsakuwa, domin a wannan lokacin in waya ta ji rauni har yanzu ana iya saukar da wani detoneta da busta daga sama a ceci ramin. Ana kuma gwadawa bayan toshiya, domin tsakuwa mai kaifi ita ce babbar mai yanka rigar waya, musamman in ana zuba ta da gaggawa ba wanda ya riƙe wayar a gefe. In ka tsallake na tsakiyar, ka gano matsala bayan an toshe, ka riga ka mallaki rami cike da nakiya wanda ba ya amsa kira, kuma wannan ba ƙaramin ciwon kai ba ne. A ramuka masu zurfi ana sa detoneta biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, saboda wannan dalilin.

Abin da gwajin ya fi kamawa shi ne yoyon lantarki. In rigar waya ta yage, ko ruwa ya shiga maƙala, ko laka ta cika ta, wuta tana zurarewa cikin ƙasa ko cikin nakiyar kanta, domin nakiya mai ruwa-ruwa tana da gishirin da ke ɗaukar lantarki. Ɗan yoyo a rami ɗaya ba zai hana komai ba. Amma yoyo yana taruwa. Rami talatin kowanne da ɗan nasa, sai ka ga a ƙarshen uwar waya wutar ba ta isa ta cika kafasita ba, ko saƙo yana isa a gurguje. Kowane kamfani ya rubuta iyakar da ba a wucewa. Kada ka tsaya a kan cewa ba a kai iyakar ba, ka riƙa kallon lambar yadda take hawa yayin da kake ƙara ramuka. In tana tafiya a hankali sai ta yi tsalle a rami guda, ka tsaya nan. In kuma an riga an haɗa duka sannan aka ga yoyo, hanyar nema ita ce raba layin biyu, a gwada kowane rabi, a sake raba wanda ke da laifin, har a kai ga ramin. Ya fi bin su ɗaya-ɗaya sauri. Yoyo kuma yana ƙaruwa da lokaci a rami mai ruwa, don haka filin da aka gwada jiya da yamma ya kwana, gwajin jiya ba ya wakiltarsa da safe.

Bayan yoyo akwai ƙirga. Na'ura za ta gaya maka in akwai detoneta da aka yi wa rajista amma ba ya amsawa, ko wanda yake kan layi amma ba a yi masa rajista ba. Sai dai ka yi tunanin wannan: ramin da aka manta gaba ɗaya, ba a taɓa shi da loga ba, ba a kuma maƙala shi ba, na'ura ba ta san da shi a duniya ba. Za ta ce an yi wa 79 rajista, 79 sun amsa, komai lafiya, alhali ramuka 80 ne a ƙasa. Abin da zai kama wannan shi ne lissafi uku da dole su zo daidai: adadin da ke kan takardar tsari, adadin detonetocin da aka fitar daga ma'ajiya a cire waɗanda suka rage a hannu, da adadin da loga ta nuna. In ɗaya ya saɓa, ba a tayarwa sai an gano dalili.

Na taɓa tsayawa a kan wani fili mai sahu biyar inda mai riƙe da loga, yaro mai ƙwazo da natsuwa, ya gama sahu na biyu ya tafi shan ruwa. Da ya dawo sai ya shiga sahu na uku ta ɗaya ƙarshen. Na'urar tana ƙara lokaci da kanta a kowane rami, ita ba ta san ya juya ba. Duk gwaje-gwajen suka fito lafiya, babu yoyo, babu wanda ya ɓace, ƙirga ya cika. Da muka bi sahun da takarda, mutum ɗaya yana taɓa detoneta yana karanta lokacin da ƙarfi, ɗaya yana duba tsari, sai ramin da ya kamata ya zama na farko a sahun ya nuna lokacin na ƙarshe. Da an tayar a haka, sahu na uku zai fara ne daga kusurwar da babu inda dutse zai tafi, kuma ta wannan gefen akwai hanyar da manyan motoci suke bi. Minti ashirin muka ɓata wajen gyarawa. Tun daga ranar ba na yarda mai karantawa ya zama shi ne wanda ya sanya lokacin, domin idon da ya yi kuskure yakan sake ganin abin da yake tsammani. Sababbin loga masu GPS suna rage irin wannan, amma a ramuka masu kusanci da juna, ko a gindin dogon bangon dutse inda saƙon tauraron ɗan'adam yake rauni, su ma suna iya ɗaukar rami a matsayin maƙwabcinsa. Lambar da aka rubuta a bakin kowane rami har yanzu tana da aiki.

Akwai kuma abin da babu gwajin da zai nuna maka kafin tashi. In ramuka sun yi kusa da juna, ko ƙarshensu ya karkata ya kusanci na maƙwabci, ko dutsen yana da tsaga cike da ruwa, bugun ramin farko yana iya isa ga detonetan da ke jiran lokacinsa ya matse shi ya lalata ƙwaƙwalwar. Lafiyarsa lau lokacin gwaji, amma ya mutu milisakan kaɗan kafin lokacinsa. Maganin wannan yana wajen haƙa da tsari: a auna karkatar ramuka, a sa detoneta ya zauna sosai a cikin busta, a kuma guji dogon jira tsakanin ramuka biyu masu kusanci a wuri mai ruwa. Haka nan zafi. A ma'adinan da ƙasa take da zafi ana auna zafin rami kafin a zuba komai, domin kowane detoneta yana da iyakar da aka rubuta masa. Tsawa kuwa ba ta da sassauci. An ƙera waɗannan detonetoci da kariya daga ɓataccen lantarki da igiyoyin rediyo fiye da tsofaffin detonetocin waya marasa ƙwaƙwalwa, amma walƙiya in ta sauka a kan fili ba ta tambayar irin detonetan da ke ciki. Hadari ya taso, a bar fili, a tsare hanyoyi.

Mataki na ƙarshe yana faruwa ne bayan kowa ya fita, an tsare duk mashigai, an busa jiniya. A nan ne kawai ake haɗa akwatin tayarwa, shi ne mai babbar wuta, kuma yana buƙatar mabuɗi ko kati wanda yake hannun mai lasisin tayarwa shi kaɗai. Akwatin zai kira kowane detoneta da lambarsa, ya daidaita agogunansu, ya tabbatar da lokutan, ya cika kafasitoci, sannan ya ba ka ɗan taƙaitaccen lokaci ka danna. In ya nuna kuskure a nan, to nan ne ake gane ma'aikaci. Motoci sun tsaya, injin niƙa yana jiran dutse, ana ta kiranka a rediyo. Wasu na'urorin suna ba ka damar ka ci gaba duk da cewa detoneta ɗaya bai amsa ba. Ra'ayina a kan wannan ba ya canzawa: kada ka danna sai ka san wane rami ne, ko yana da detoneta na biyu mai amsawa, kuma wanda ke da alhakin filin ya yanke hukuncin da bakinsa an rubuta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ka fasa, ka kashe akwatin, ka cire mabuɗi, ka jira lokacin da kamfanin ya ƙayyade don wutar kafasita ta zube kafin kowa ya taka filin.

Jiran bayan tashi ma haka yake. In ana zargin wani rami ya ƙi tashi, ba a komawa da wuri. A Amurka, hukumar kula da lafiyar ma'aikatan ma'adinai ta gyara dokarta a 2020 ta sa jiran minti 30 ga detoneta mai ƙwaƙwalwar lantarki, ko abin da kamfanin ya ce in ya fi haka tsawo. Kowace ƙasa da dokarta, ka san ta inda kake aiki, ka kuma bi wadda ta fi tsauri tsakaninta da littafin kamfani. Amfanin na lantarki a nan shi ne kana da lambar ramin da ake zargi da wurinsa a taswira, don haka za a iya kewaye wurin da alama a gaya wa mai tuƙa injin kwasa daidai inda zai yi hattara, maimakon a bar shi yana tona tuli bai san abin da ke ciki ba.

Abu ɗaya da zan roƙe ka ka ɗauka tun yanzu kana sabon hannu shi ne sauke bayanan loga da na akwatin tayarwa bayan kowane tashi, ka ajiye su tare da takardar tsari da sakamakon na'urar auna jijjiga. Ka rubuta yawan yoyon da aka gani, ramin da ya ba da wahala, da lambar rukunin detonetocin da ke jikin kwali. Bayan tashi goma ko ashirin za ka fara ganin abin da ke maimaita kansa: wataƙila yoyon yana fitowa ne duk ranar da aka yi toshiya da wata irin tsakuwa, ko a gefen filin da ruwa yake kwanciya, ko a hannun wani ma'aikaci da yake jan waya da ƙarfi. Gobe kuma in shugabanka ya ce a bi ramuka, ka nemi ya ba ka takardar ka riƙe, wani ya karanta maka lokutan, ka riƙa duba kowanne da inda buɗaɗɗiyar fuskar dutsen take kana tambayar kanka ko dutsen gaban wannan ramin zai riga ya tafi kafin lokacinsa ya yi.